Yadda ake ɗora wa tsohuwar Land Rover obadiraib don doguwar tafiya

Tsohuwar Land Rover ba ta jin tsoron duwatsun Filato, amma shimfiɗaɗɗiyar kwalta tana wahalar da ita. Da zarar an sauko daga Hawan Kibo, an wuce Akwanga an miƙi hanyar Keffi, sai direba ya ga giya ta ƙare masa. Yana cikin giya ta huɗu, maleji na nuna kilomita 80, injin kuma yana kururuwa kamar zai tsinke, lagireto na ɗaukar zafi, mai na zurarewa. Ba lalacewa motar ta yi ba. Haka aka ƙera ta, don gona da daji da ramukan kuza.

A samfuran Land Rover na Series IIA da Series III, giya ta huɗu kai tsaye take, juyi ɗaya na injin juyi ɗaya na shaf. Daga nan akwatin tiransifa, mai raba ƙarfi zuwa ƙafafun gaba da na baya, ya rage gudun da 1.15, aksil kuma ya sake ragewa da 4.7. In aka haɗa, sai injin ya juya kusan sau 5.4 kafin taya ta juya sau ɗaya. Doguwar mota, wato 109 mai taya 7.50x16, tana yin kusan kilomita 26 da rabi a awa a kan kowane juyi 1,000 na injin, don haka a gudun kilomita 80 injin yana juyi kusan 3,000 a minti. Gajeriyar, 88 mai taya 6.00x16, takan kai 3,300. Injin 2,286cc da aka tsara tun shekarun 1950 ba ya son a riƙe shi a nan awa huɗu ko biyar.

Obadiraib ƙaramin akwatin giya ne da ake ɗaurawa a bayan tiransifa, ƙarfin injin ya bi ta cikinsa tsakanin giyabos da tiransifa. Wanda aka fi samu na waɗannan motoci shi ne Fairey, ƙirar Ingila, mai lissafin 0.782. Idan aka saka shi, 5.4 ɗin nan yakan koma kusan 4.2, injin da ke juyi 3,000 ya sauko kusan 2,350 a gudu iri ɗaya. Ƙara ta ragu, zafi ya ragu, shan mai ya sassauta. Abin da ya sa muka fi son sa a kan sauya aksil zuwa 3.54 na Range Rover shi ne bai taɓa halin motar na asali ba: in ka cire shi da liba, motarka tana nan yadda take, ogzilari ma, wato giyar ƙarfi ta tiransifa, bai rasa ƙarfinsa ba. Ba a yanke farfela, kuma maleji bai fara ƙarya ba, domin daga bayan tiransifa yake ɗaukar lissafinsa.

A sani tun yanzu, ba ya ƙara wa injin ƙarfi ko kaɗan. Injin fetur ɗin doki 70 ne ko kusa da haka tun yana sabo, na dizal bai kai haka ba. Jos kuma tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, inda iska ta fi sauƙi, kuma injin da ba shi da turbo, na'urar cusa masa iska, yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 100. Ke nan a cikin Jos sama da kashi goma sun riga sun tafi. Motar da fistin ɗinta ya gaji, ko kafireto ba ya kan saiti, ba za ta iya jan obadiraib ba, sai dai ta riƙa mutuwar jiki a ƙaramin hawa. A fara gyara injin, a auna kwamfireshan, a saita fulogi da lokacin wuta, a tabbatar kuloci ba ya zamewa. Birki ma a duba shi da kyau, tunda ƙafafu huɗun duk na ganga ne kuma yanzu za su riƙa tsayar da motar da ta fi dā sakin jiki.

Abin dubawa kafin a biya kuɗi

An daina ƙera Fairey, saboda haka na hannu za ka samu, ko a jikin wata matacciyar mota a garejojin Farin Gada da Bukuru, ko wajen masu kayan gyara na Dilimi, ko Apo a Abuja, ko a sa a kawo daga waje. Akwai sabon ƙira mai suna Roamerdrive daga Kanada, wanda yake zama a gurbi ɗaya kuma yana shan mai ɗaya da tiransifa, sai dai tsadarsa daban ce. Bayanin da ke tafe na Fairey ne.

Da farko a tabbatar na Series ne mai tiransifa na yau da kullum. Na Range Rover da na 109 mai injin V8 daban suke, ba sa shiga. Haka kuma samfurin 109 mai ɗaukar tan ɗaya tiransifarsa daban ce.

Sai silib. Wani ɗan kwaroron ƙarfe ne mai haƙora a waje, da boris a jikinsa, wanda ake zura wa babban shaf na giyabos. Shi ke miƙa duk ƙarfin injin zuwa cikin obadiraib. Mai sayarwa yakan ciro akwatin ya manta silib a jikin tsohuwar motar, kuma in babu shi ba abin da za ka iya yi. Ka riƙe shi a haske ka dubi haƙoran. Masu lafiya kansu a shafe yake, masu faɗi. Idan sun yi tsini kamar haƙoran zarto, ya cinye. Silib ana samun sabo, wannan ba matsala ba ce. Abin tsoro shi ne abokan haƙoran da ke cikin bakin obadiraib ɗin. Haska tocila ka leƙa. Idan su ma sun yi tsini, sai an sauya shaf ɗin ciki gaba ɗaya, kuma kuɗinsa zai iya kusantar kuɗin akwatin. Irin wannan a bar wa mai shi kayansa.

Buɗe murfin sama ka dubi giyoyin. Ƙarfen da ya yi shuɗi-shuɗi alama ce an taɓa tuƙa shi babu mai. Juya shi da hannu a matsayinsa biyu na aiki, a ciki da a waje, ka saurari gurnani ko ka ji inda yake cijewa. Duba gangar jikin, alminiyom ce, takan tsage kusa da ramukan noti. Sannan ka ƙirga sauran kayan: liba, burakit ɗin da take zama a kai, sandar da ke haɗa ta da akwatin, da ma'aunin mai.

Kayan aiki

Sabon gaskit na takarda guda biyu, na bayan tiransifa da na murfin samanta. Sabuwar washa mai kunnuwa ta kulle noti, gara ma biyu. Man giya EP90 mai lamba GL4, lita uku za ta isa: lita biyu da rabi na tiransifa, lita 0.4 na obadiraib. Giris mai kauri na hana gogayya. Sifanar awon ɗauri da ta kai Nm 135. Tsumma mai tsabta da yawa. Sifanonin inci, domin notocin giyabos na waɗannan motoci na tsohon awon Ingila ne, kuma sifanar milimita da ta yi "kusan daidai" ita ce ke murje kan noti ta bar ka da aikin kwana biyu.

Sai soket na musamman na notin babban shaf. Notin yana da gibi-gibi a gefensa, sifana ba ta kama shi. Lambar soket ɗin a wajen Land Rover 600300. In ba a samu ba, mai walda da magagari zai iya yanka haƙora a bakin tsohon soket ya yi daidai da gibin notin. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne guduma da kurfi. Suna iya kwance noti, amma ba sa iya ɗaure shi zuwa awon da ake buƙata, kuma yawancin obadiraib da suka mutu daga nan ciwonsu ya fara.

Kwancewa

A ajiye motar a wuri mai lebur, a cire kan batir, a sa duwatsu ko katako gaba da bayan tayoyi. Kada a ɗaga ƙafar baya da jak ana dogaro da birkin hannu. Birkin hannun Land Rover farfela yake kamawa, ba taya ba, don haka da an ɗaga ƙafa ɗaya motar za ta iya gangarawa. Aikin ma ba ya buƙatar jak.

Cire kujerar tsakiya da faifan da ke ƙarƙashinta, sai ga tiransifa a fili. Cire kawunan libobi da murfin da ya rufe giyabos a ƙasan mota. Wanke saman tiransifa da bayanta da kananzir kafin a taɓa noti ko ɗaya, musamman in lokacin hunturu ne da ƙura ke shiga ko'ina. Ƙwayar yashi ɗaya a cikin boris ta isa. Juye tsohon man tiransifa, ka dube shi a faranti: ƙyalli kaɗan ba komai, gutsattsarin ƙarfe kuwa yana nufin a tsaya a binciki tiransifar tukuna.

Kwance murfin sama mai noti huɗu. Daga nan za ka ga giyar babban shaf tana cizon giyar tsakiya. A bayan akwatin akwai zagayayyen murfi mai noti shida, wanda yake riƙe da boris ɗin ƙarshen shaf. Kwance su ka zaro shi a miƙe. Cusa tsumma ta sama ka toshe ƙasan akwatin, domin washa ko ɓallin ƙarfe da ya faɗa ciki sai an buɗe ƙasan tiransifa kafin a same shi.

Miƙar da kunnen washar da aka lanƙwasa cikin gibin notin babban shaf. Bar tiransifa a cikin giya, ja birkin hannu sosai. Tunda giyar shaf tana cizon ta tsakiya har yanzu, birkin zai riƙe shaf ɗin ya hana shi juyawa. Kwance noti. Zaro washar kulle, da siririyar washar da ke bayanta, sannan giyar kanta. Abin da ke gaban giyar a kan shaf, a bar shi a inda yake.

Kafin a ci gaba, kama bakin shaf ka girgiza, ka ja ka tura. In yana wasa da yawa, boris ɗin giyabos ya tafi, kuma zai cinye sabon silib cikin 'yan watanni. Duba tsagin da ke jikin shaf, kada su kasance sun sirance.

Giyar da ka cire, da murfin baya da boris ɗinsa, kada ka sayar kada ka yar. Shafa musu mai, naɗe su a leda, ka ajiye su ƙarƙashin kujera tare da soket da washa ɗaya. Ranar da obadiraib ya ƙi a tsakanin garin Forest da Akwanga, da waɗannan za a mayar da motar yadda take a bakin hanya a ƙarasa gida.

Silib da notinsa

Goge shaf ya bushe, shafa giris a tsaginsa, zura silib ɗin haƙoransa na kallon baya. Ya kamata ya shiga da ɗan matsi, ba da duka ba, ba kuma yana lilo ba. Mayar da siririyar washa, sa sabuwar washar kulle, sannan noti.

Yanzu birkin hannu ba zai taimaka ba, domin an cire giyar da ke haɗa shaf da farfela. Ta wajen injin za a riƙe. Sa giyabos a giya ta ɗaya, wadda za ta rage ƙarfin da ke isa injin zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku ko ƙasa da haka, sannan mutum na biyu ya riƙe kuranshaf ta gaba, da hannun tayar da injin ko da babbar sifana a kan notin fuli. Shi ya sa aka ce a cire kan batir. Ɗaure notin zuwa fam-fut 100, kusan Nm 135. Wannan ya fi awon da ake yi wa notin idan babu obadiraib.

Dalilin nacewa a kan awon shi ne, silib ɗin yana karɓar bugu ta fuska biyu, in an taka totur da in an saki. Idan notin bai ɗauru ba, silib ya fara motsi kaɗan-kaɗan a kan shaf, tsagin ya fara cin juna, jan gari kamar tsatsa ya taru, notin ya ƙara saki. Wata rana a taka totur, injin ya yi ihu, mota ba ta motsa ba.

In kunnen washa bai zo daidai da gibi ba, a ƙara ɗaurewa kaɗan har ya zo. Ba a sassautawa don neman daidaito. Lanƙwasa kunne ɗaya cikin gibin ya kwanta sarai, kada ya tsaya a miƙe ya riƙa gogar cikin obadiraib. In ya yi tsawo, a rage shi da magagari. Cika boris ɗin silib da haƙoransa da giris, domin mai ba ya isa wurin da wuri. Ciro tsumman da ka cusa, ka ƙirga su.

Ɗora akwatin

Kankare tsohon gaskit, shafa wa sabon giris sama-sama ya manne a kan sandunan noti shida. Mutum ɗaya a ƙasa yana tallafe da akwatin, ɗaya a sama yana kallo ta murfin da aka buɗe. Abu biyu ne za su shiga lokaci guda: haƙoran silib cikin bakin obadiraib, da giyar obadiraib cikin giyar tsakiya ta tiransifa. Da wuya su dace a karon farko. Mayar da tiransifa furi, na sama ya riƙa juya giyar tsakiya da yatsa a hankali, na ƙasa yana turawa. In ya tsaya saura kaɗan, a ɗan juya injin da hannu giyabos na cikin giya, silib zai juya ya sami gurbinsa.

Kada a ja shi da noti. In bai zauna da ƙarfin hannu ba, wani abu bai dace ba, kuma noti zai fasa leɓen alminiyom ɗin ne kawai. Inda wuri ya matse, a ɗaura noti a bakin sandarsa tun akwatin bai gama zama ba. A ɗaure su bi da bi, wannan gefe sannan kishiyarsa. Abin da ke riƙe wayar maleji a mayar da shi, kada wayar ta kwanta a kan salansa.

Liba takan ci lokaci fiye da yadda ake zato. Ɗaura burakit, haɗa sanda, sannan a gwada murfin ƙasa a yi alamar inda za a huda. A fara da ƙaramin rami, a tabbatar, sannan a faɗaɗa. Motocin da suka shigo kafin Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972 sitiyarinsu na dama ne, na baya kuma na hagu, kuma sandunan birkin hannu ba hanya ɗaya suke bi ba. Saboda haka a ja birkin hannu a sake shi ana kallo, a tabbatar ba ya taɓa sandar obadiraib. Libar tana da matsayi uku: a ciki, furi a tsakiya, da a waje. A saita tsawon sandar yadda za ta kai ƙarshe ta kowane ɓangare ba tare da ta bugi bakin ramin ba. Libar da ba ta kai ƙarshe ita ke sa giya ta riƙa fita da kanta, tana kuma cinye sinkuro, zoben da ke daidaita gudun giyoyi kafin su shiga juna. A rufe ramin da roba saboda ƙura da zafi.

Mayar da murfin sama da sabon gaskit. Zuba wa tiransifa mai har ya fara fitowa ta ramin awo. Obadiraib kuma nasa daban, lita 0.4, zuwa alamar da ke jikin ma'auni. Kada a wuce alamar, mai in ya yi yawa kumfa yake yi ya tura sil. GL4 aka ce, domin wasu mayukan GL5 suna cin jan ƙarfen zoben sinkuro. Ƙaramin ramin shan iska da ke murfinsa a tsokane shi da siririyar waya a tabbatar a buɗe yake.

Gwaji da tuƙi

Tayar da injin, tiransifa a furi, giyabos a ta huɗu, a bar shi yana juyi a hankali minti biyu ko uku mai ya zagaya. Taka kuloci ka saka, taka ka cire. Matsayin da ya fi yin siririn kuka shi ne a ciki. Yi masa alama da fenti a kan liba. Sannan a fita hanya mai sauƙi, kamar daga Bukuru zuwa Mararrabar Jama'a a dawo. A tsaya a leƙa ƙasa a nemi yoyo, a sake duba notoci shida, a sake auna mai.

Ana saka shi da kuloci kamar kowace giya, a ɗan dakata a tsakiya, ba a fizga. Wurin aikinsa giya ta uku da ta huɗu. A giya ta ɗaya da ta biyu ƙarfin da giyabos ke ninkawa ya fi abin da ƙananan giyoyinsa za su daɗe suna ɗauka, don haka ba a tashi da shi a ciki, balle da kaya ko ana jan tirela. Giya ta uku da obadiraib tana ba da kusan 1.17, tsakanin 1.5 na ta uku da 1 na ta huɗu, kuma wannan rabin giyar tana da daɗi ƙwarai a dogon hawa mai sauƙi irin na wajen Riyom, inda ta huɗu ta yi nauyi ta uku kuma ta yi ihu.

A gangaren Hawan Kibo a cire shi tun daga sama, kafin motar ta ɗauki gudu, a sauko a ta uku ko ta biyu. Obadiraib yana rage riƙon da injin ke yi wa mota, sai nauyin ya koma kan birkin ganga, wanda in ya yi zafi yakan daina kamawa. A kuma kula da furin tsakiya: in liba ta tsaya a nan, injin ya rabu da tayoyi ko da giyabos na cikin giya. Wanda ya saba ajiye mota a giya a kan gangare ya riƙa duba libar kafin ya fita.

Siririn kuka halinsa ne, ko mai lafiya yana yi. Kukan da ke ƙaruwa mako bayan mako, ko gurnani, boris ne ko ƙarancin mai. Ƙwanƙwasa idan an taka totur ko an saki tana nuna silib ko notinsa, kuma a buɗe a duba tun kafin tsagin shaf ya tafi. Karta lokacin sakawa sinkuro ne, ko kuloci ba ya rabuwa sosai. In mai yana raguwa ba a ga ɗigo a ƙasa ba, sil ɗin da ke tsakaninsa da tiransifa ya mutu, man yana tsallakawa can. In kuma yana ƙaruwa da kansa, na tiransifa ne ke shigowa, sil ɗin dai shi ne.

Man da bai kai rabin lita ba, a akwatin da ke aiki awa biyar cikin zafin Keffi da Nyanya, ba ya jure sakaci. A juye na farko bayan kilomita 800, daga nan kuma duk kilomita 5,000. A auna shi kowane mako, da kuma safiyar kowace doguwar tafiya, motar na tsaye a lebur, injin a sanyaye. Kwalbar rabin lita ta EP90 da ɗan mazurari su zauna a bayan kujera, kusa da ledar tsohuwar giya.